Titin Lungun Maƙera

Nu'uman ya karanto tsara birane a Zariya, ya dawo Daura aka ba shi tebur a ofishin filaye, kuma tun ranar farko abu ɗaya ne a ransa: Lungun Maƙera, inda aka haife shi. Lungu ne da ko amalanke ba ya shiga sai an karkata shi. A nan yayarsa Haulatu ta rasu. Naƙuda ta zo mata da gardama, motar da aka kira ta tsaya can bakin titi, maza huɗu suka ɗauko ta a tabarma, kafin su kai rai ya yi halinsa.

Shekara uku yana zane yana gogewa. A shekara ta biyu da ƙaddamar da shari'a a jihar aka amince da tsarinsa: titi mai faɗi da magudanar ruwa zai ratsa lungun, gida ashirin da bakwai za su tashi. Waɗanda za a tasa ya yanka musu fegi a wata jigawa a hanyar Mai'adua. A takardar ya zana musu rijiyar burtsatse biyu, da masallaci, da rumfunan ƙira a bakin hanya. Duk wanda ya ga zanen sai ya yaba.

Shi da kansa ya shiga lungun da gwangwanin jan fenti don sa wa gidajen da za a rushe alama. Da ya iso ƙofar Dabo maƙeri, aminin marigayi mahaifinsa Sharu, sai ya ajiye gwangwanin ya durƙusa ya gaishe shi.

Dabo ya dubi fentin ya ce, "Har da ni ke nan?"

"Har da kai, Baba. Amma wurin da za ku koma ya fi nan sarari. Akwai ruwa, akwai rumfa."

"Ka ga ruwan da idonka?"

"Yana cikin tsari."

Dabo ya mayar da ƙarfe cikin wuta ya ce, "To shafa. Ba zan yi jayayya da ɗan Sharu ba."

Cikin wata biyar aka gama titin, aka zuba kwalta, manya suka zo suka yanke ƙyalle. Nu'uman ya sami ƙarin girma. A jigawa kuwa babu abin da ya iso sai mutanen. Suka yi ɗakuna da tsofaffin kwanukan rufin da suka ciro, ruwa sai an ɗauko a jarka daga cikin gari. Manoman Baure da Dutsi da suka saba sayen garma da fartanya wajen Dabo suka zo tsohon wurin suka tarar da kwalta, suka saya a wajen wasu.

Nu'uman ya rubuta takarda kan rijiyoyin, ya sake rubutawa. A karo na huɗu maigidansa a ofis ya kira shi ya ce, "Malam Nu'uman, mu namu zane ne. Ruwa aikin wata ma'aikata ne, kuma sun ce bana babu. Kada ka mai da kanka mai naci."

Rani na biyu Ya'u, babban ɗan Dabo, magidanci mai 'ya'ya uku, ya same shi a ofis. Tare suka yi makarantar allo. Ya ƙi zama, ya ce, "Mun gaji da jira. Za mu haƙa da kanmu. Kai ka san ƙasar, zo ka nuna mana inda ruwa ya fi kusa."

Nu'uman ya je da taswirarsa ya nuna musu wani kwari kusa da wata aduwa. Ya ce musu ƙasar rairayi ce, dole a riƙa ɗaure rijiyar da siminti ana haƙa ana ɗaurewa, kuma shi zai nemo simintin cikin mako guda. Mako ya wuce, ya koma uku. An tura shi taro Katsina, ya dawo ya tarar da wasu ayyukan a tebur. Ya ji labarin sun fara haƙa, ya ce a ransa gobe zai leƙa.

Ran wata Alhamis da hantsi, sun kai gaba bakwai, ƙasa ta fara danshi, sai gefen rijiyar ya zaftaro. Ya'u ne a ciki.

Kafin Nu'uman ya iso a babur ɗinsa mutane sun cika wurin, suna tono da shebur da kwanuka da hannu. Ya cire takalmi ya shiga cikinsu. Duk abin da suka kwashe sai wani rairayin ya gangaro ya maye gurbinsa. Sai bayan la'asar suka kai gare shi, a durƙushe, da gajeren magirbinsa a hannu, bakinsa cike da ƙasa.

Ranar sadakar uku Nu'uman ya zauna a can ƙarshen tabarma. Wani ƙanen mamacin, Kalilu, ya miƙe ya ce a kai Nu'uman gaban alƙali, tunda shi ya nuna wurin, shi kuma ya yi alkawarin siminti. Dabo ya ɗaga hannu ya ce ya zauna.

"Wa zan kai ƙara? Yaron nan bai tura ɗana rami ba." Ya juyo wajen Nu'uman. "Na yafe maka tsakanina da Allah. Amma ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka ƙara zuwa nan da takarda."

 Aka shafa fatiha, Nu'uman ya tashi.

Bayan arba'in matar Ya'u ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan iyayenta a Dutsi. Gidaje shida suka sayar da feginsu suka kama haya a cikin gari. Dabo bai tashi ba, amma bai ƙara hura wutar ƙira ba. Da damina ta faɗi ya kwanta ciwo, kafin kaka ya rasu.

A wannan watan aka ajiye wa Nu'uman sabon fayil: wani titin, a wata unguwar, gida talatin da ɗaya. Ya riƙe shi kwana tara. Ya rubuta a shafin farko cewa kada a rushe ko katanga ɗaya sai ruwa ya fara zuba a inda za a kai mutanen, ya sa hannu ya mayar. Washegari aka karɓe fayil ɗin aka ba wani, shi kuma aka mayar da shi ɗakin ajiyar taswira, inda ya yi sauran shekarunsa na aiki. Aka yi titin.