Zama Ɗari Biyu da Tara, Babu A'a

…a kan bencin baƙi kuma. Shi. Shugaban kwamitin tantance masu neman jari, mutumin da aka aza tubalin farko na wannan banki a gaban idonsa, yau shi ne zaune a farfajiyar hawa na huɗu, ƙarƙashin agogon da shi ya zaɓo, yana jiran a kira shi ɗakin taronsa. Takarda biyu a kan cinya, alƙalami mai koriyar tawada a aljihu. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. A zamaninsa, duk wanda ya shanya dattijo minti biyar sai ya rubuta uzuri da hannunsa…

Mataki biyu. Kamfanin da ke auna amincin bankuna ya sauko da darajarsu mataki biyu, manyan masu ajiya sun soma bugo waya suna tambayar lafiya da irin muryar da ba lafiyar ake tambaya ba. Kuma wai matsalar ba ta kuɗi ba ce, ta shugabanci ce. Shugabanci! Wani mai bincike, siriri, wanda takalmin ƙafar dattijon ya girme shi a aiki, ya buɗe littafin bayanan taro jiya, ya ce ya ƙirga zama ɗari biyu da tara bai ga inda mutum guda ya ce a'a ba. Ya faɗa kamar likitan da ya gano ƙari a ciki. To, me yake son gani? Dambe? Wannan shi ake kira haɗin kai — tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Shi da bakinsa ya kafa ƙa'idar tun zaman farko: a wannan teburi babba ke fara magana, sai mai bi masa, har a gangaro kan ƙarami. Tarbiyya ke nan. Abin da ba a sayarwa a makarantun da suka ƙare…

Siminti buhu dubu arba'in.

A'a, ba yanzu ba — to, yaushe? A murabaha banki ba ya miƙa wa mutum kuɗi. Kayan yake saya, ya mallaka, ya gani da ido, sa'an nan ya sayar da riba sananniya a biya sannu a hankali. Iyakar da ke tsakaninsu da masu cin kuɗin ruwa ke nan, kuma wa ya fi shi tsaron iyakar? Gani ya kori ji. Ya taɓa hawa bayan babbar mota da farin tufafinsa, ya soke buhu, yashi ya tsiyayo maimakon taki, ya juyo ya dubi sababbin ma'aikata. Wannan Manajan na yanzu yana cikinsu, baki sake. Yau shi ne ke ajiye mutane a benci.

Amma siton surukinsa ne fa. Uban matar ɗansa. Shekara talatin kafaɗa da kafaɗa a sahun gaba. Da wane ido zai je ya ce a buɗe masa sito ya ƙirga? Jikarsu ɗaya. Surukin ya kawo takardar shaidar ganin kaya har falo, ana shan shayi, jikar tana hawa cinyar wannan ta sauka ta hau ta wancan — ya ɗora takardar a hannun kujera ya sa hannu. Na gani. Ai ya gani. Ya ga mutumin. Ko mutum bai fi buhu daraja ba?… Tantabaru. Abin da masu bincike suka tarar a siton ke nan, tantabaru da karyayyen baro. Wayar suruki a kashe. An ce yana jinya. Kai, suruki, wace cuta ce ke cinye siminti? Ka ci amanar banki, ka ci ta zumunci, ka bar dattijo da koriyar tawadarsa a bainar jama'a. Wallahi da ba don yarinyar nan da ke ce muku Kaka ku biyu ba…

Agogon nan yana latti. Tun da aka bar shi a hannun yara.

Ita kuwa kujerarta ce ta ƙarshe, dab da ƙofa — jami'ar lura da haɗarin bashi, shekara biyu da kama aiki. Ranar da aka kawo maganar simintin shi ya fara, kamar kullum: ya san mutumin, ya san ubansa, ya amince. Maganar ta zaga teburi. Haka ne, Baba. Gaskiya ne, Baba. Da ta iso ƙofa, sai yarinyar ta buɗe fayil.

"Baba, da za a ba ni kwana biyu in leƙa siton…"

Ya cire tabarau a hankali. Ya tuna mata cewa abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Aka yi dariya, dariyar ladabi. Sakatare ya ɗaga alƙalami yana dubansa, a rubuta ko kada a rubuta?

"Wannan ba magana ba ce," ya ce, "tari ta yi."

Suka sake dariya. Har ita ta yi murmushi ta rufe fayil. Ya ji daɗin barkwancin, har ya maimaita wa uwargidansa da ya koma. Ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi in ya ce rana ta faɗi da hantsi, 'ya'yansa fitila za su kunna. Mata da tsegumi…

Takarda biyu. Manaja ya kawo su da safe, har da russunawa, munafuki. Ta farko ta ce sashen lura da haɗari bai ankarar da kwamiti ba: a sallami yarinyar, sunan dattijo ya zauna daram a allon girmamawa da ke bangon hawa na ƙasa. Ta biyu fara ce fat, sai abin da zai rubuta da kansa, da murabus a ƙarshenta. Manaja ya sassauta murya ya ce littafin taro yana bayan Baba, babu inda ta yi magana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wa ya koya wa wannan yaro irin wannan rashin kunya? Wa ya — a'a. Shi kam bai taɓa koya wa kowa ƙarya ba. Tsari ya koyar. Ladabi. Shekara arba'in da huɗu ko allura ba ta maƙale a hannunsa ba, kuma yanzu a ce tari guda…

Guda ne? Akwai lauyan banki, ranar maganar injinan niƙa, da ya gyara murya ya fasa. Akwai akawun da ya nemi a mai da shi wani reshe bai faɗi dalili ba. Tari nawa ne a cikin zama ɗari biyu da tara? Bai ƙirga ba. Shi, da ke ƙirga buhu.

Ƙofa ta buɗe. Yana shiga, kowa ya miƙe. Ga mai bincike, ga Manaja, ga ta can dab da ƙofa, fayil ɗin nan a gabanta, a rufe. Ya zauna, suka zauna. Ya shimfiɗa takardun biyu. Murfin alƙalamin ya ƙi ciruwa. Idanu goma sha takwas a kansa. A ransa yana roƙo: wani ya fara mana. Ke, buɗe fayil ɗin, yi magana, yau ɗaya… Manaja, kai…

Babu mai farawa. Jiransa suke.

Shi ya koya musu.