Marar Suna a Kwalba

Tanimu mutum ne da bakinsa ke riga hankalinsa fita. Tun da ya shiga koyon aikin anfirme, wato jinya, a gidan likita, shekarar da Damagaram ta cika da gardamar zaɓen i ko a'a, ba a ƙara cin tuwo lafiya a gidansu ba.

Ran nan ya dawo yana ɗoki. "Yaya, yau Mushe, Baturen likitan nan, ya tsaga ƙwaƙwalwa, ya nuna muna marar suna. Ɗan ƙarami haka. Yana cikin kwalba."

Ludayi ya suɓuce daga hannun yayarsa Aisa. A gidan likitan nan ta haihu bara, ɗan ya koma kafin ko huɗuba a yi masa, ita kuma tana kwance zazzaɓi ya ɗauke mata hankali. An ce mata maza sun kai shi. Mace ba ta bin gawa, don haka ba ta ga rami ba.

Ta ja mayafi ta fita, Tanimu na biye yana tambayar lafiya. Daga unguwar Birni har ɗakin likita ba ta waiwaya ba.

"Gaya masa ya ba ni ɗana in binne," ta ce wa Tanimu.

Sai a lokacin gogan ya gane abin da bakinsa ya ja. Ya juya maganar da Faransanci yana in'ina, Baturen kuwa ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi fari fat. Ya sauko da kwalbar da hannu biyu, ya yi bayani a hankali, Tanimu na mayarwa.

"Yaya, kan rago ne, daga mahauta. Marar suna wani ɗan wuri ne can ƙasan ƙwaƙwalwa. Wani Bajamushe ya gano shi tun zamanin kakanni, yana ɓare ƙwaƙwalwar da ya jiƙa a barasa. Maƙwabtan wurin duk suna da suna, wani ɗaki, wani ɓawo. Shi wannan ya rasa me zai kira shi, ya bar shi haka. Kowa na da shi a kai."

Aisa ta daɗe tana duban ɗan tabon da likita ya nuna da tsinke. Tsoro ya sake ta, baƙin ciki ya maye gurbinsa.

"To, ɗana yana ƙasa?"

"Yana ƙasa, Yaya. Ni na ɗauke shi."

"Kai ka ɗauke shi, shekara guda ba ka faɗa mini ba?"

Tanimu mai baki ya sunkuyar da kai.

Ta dafa murfin kwalbar. "Ga rago an yanka, ba wanda ya raɗa suna. Gaya wa Mushe, nawa Suma'ila na so a sa masa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."