Fuskar Mma Ramatu

Nadia ta buɗe robar man kaɗanyar, ta kai hanci, tana neman kalmar da ba za ta ɓata rai ba.

"Faɗa mata gaskiya," in ji Dakta Rabi'a. "Tun daga Manchester Sherifatu ta taso don ta ji."

Sherifatu ta gyara zama a falon likitar da ke unguwar Edgbaston a Ingila. Shekara huɗu ke nan tana sayar da man ta intanet daga gidanta na unguwar Moss Side a Manchester. Matan ƙauyensu na kusa da Tamale ke yin sa, kuma da ribarsa take gina musu ɗakin haihuwa. Gini ya kai rufi, damina na tafe, ciniki a Ingila kuwa ya tsaya cik. Shi ya sa ta buɗe shafi don mutanen Malesiya, amma wata uku ko roba ɗaya ba ta fita ba. Nadia nas ce 'yar can, abokiyar aikin Rabi'a.

"Yana ƙaurin hayaƙi," in ji Nadia da Turanci. "Robar ta yi girma, zafinmu zai narkar da shi kafin a ci rabi. Babu tambarin halal. Kuma 'yan'uwana ba sa yarda su sa katinsu na kuɗi a intanet, ta banki suke biya."

Sherifatu na rubutawa tana murmushi. Duk wannan mai gyaruwa ne.

Suka koma kan kwamfuta. Can ƙasan shafin akwai ƙaramin hoton wata tsohuwa tana tuƙa tukunya, an rubuta a ƙarƙashinsa: Ku taimaki matan karkara.

"Wannan rubutun ki cire. Ba wanda ke shafa mai a fuska don tausayi."

Nan fa ran Sherifatu ya sosu. "Yayar mahaifiyata ce. Ita ta tara matan."

Nadia ta matso da fuskarta jikin allon. "Shekararta nawa?"

"Saba'in da huɗu."

"Da wannan fatar?" Ta juya ta dubi Rabi'a, ta sake duban hoton. "Ki ɗauko ta sama, ki ƙara mata girma, ki rubuta shekarunta. Kada ki ƙara komai. Ni ma ajiye mini biyu."

Da la'asar, a jirgin ƙasa na komawa Manchester, Sherifatu ta buga waya gida. Sai da aka zagaya gida uku kafin a samo tsohuwar.

"Mma Ramatu, za a sa fuskarki a talla. Mutanen Malesiya za su riƙa kallonki."

"Ina ne nan kuma?"

"Da nisa, gaba da Makka. Musulmi ne."



"To, in za a yi rufin, su kalla. Amma ba da wancan zanen na aiki ba. Ki turo mai hoto ranar Juma'a."