Rediyo a Kan Katanga

"Maryamu, dawo nan! Kika taka gidan nan sai na karya miki ƙahwa," in ji uwarta.

Yarinyar ta ja ta tsaya, ido ya kawo ruwa. Tun da aka rufe makarantu saboda korona, a gidan maƙwabciyarsu Inno Hajo yaran unguwa ke jin darasin da ake koyarwa ta rediyo. Ɗanta ne ya bar mata akwatin, rufe iyaka kuma ya rutsa da shi a Maraɗi. Sai tsohuwa ta fara tari. Nan da nan iyaye suka janye 'ya'yansu, Bilki, uwar Maryamu, ce ma a kan gaba.

Washegari da hantsi sai ga rediyo ya leƙo ta saman katangar da ta raba gidajen biyu.

"Bilki, kira mini ɗiyata Maryamu ta zamna nan gindin katanga. Tarin ba ya hawan katanga."

Kunya ta kama Bilki kamar ta nutse. "Ya jikin, Inno? Za ni shigowa in rana ta yi sanyi."

"Yi zamanki."

Rana kuwa ba ta yi sanyi ba a garin Tozai bana. Ruwa ya ɗauke, gero ya kwanta a gona, kowa na ta kansa. Kullum Bilki sai ta ɗauki mayafi, ta je har zaure, tarin nan ya doki kunnenta, ta juyo. Kunu dai take miƙawa ta sama. Tana jin haushin kanta, amma tsoro ya fi ƙarfinta.

Ran nan darasi ya ƙare, aka shiga labarai, aka shiga waƙa, ba hannun da ya zo sauke rediyo.

"Inno! Inno Hajo!" Bilki ta ƙwala kira, ba a amsa ba.

Bilki ta zaga tsakar gida, ta ɗauki tsintsiya ta yar. Ba ta ko nemi takalmi ba ta faɗa gidan.

A zaune ta same ta, ta jingina da katangar, jiki har ya fara sanyi. Bilki ta durƙusa tana salati, kuka ya ƙwace mata. Sai a lokacin ta lura ashe katangar ta fi tsohuwar tsayi nesa ba kusa ba. Ga wani tsohon turmi an kife a gindin katangar, wanda take takawa kullum ta ɗora rediyon, ƙasar da ke gefensa duk ramukan tsinin sandarta.