Silifas ɗin Malam Nasidi

Duk wanda ya san Malama Saude a Kaura Namoda ya san ba fuskar mai ciki take fara dubawa ba, ƙafarta take fara gaisarwa. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti na bakin gari, kuma tun tana sabuwar ma'aikaciya ta ga yadda kumburin ƙafa da ciwon kai ke rikiɗa su zama jijjiga, su tafi da uwa da abin da ke cikinta. Shi ya sa ko a gidan biki ta ga mai ciki, sai ta durƙusa ta danna mata ƙauri da babban yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, to ranar har uwar biki sai ta sha faɗa.

Tun da 'yan bindiga suka taso mutanen ƙauyukan Zurmi da Kurya suka cika gari, aikin ya daina ƙarewa a asibiti. Tana tashi, mata na biye da ita har gida. Da farko a zaure suke tsayawa, daga baya suka shigo tsakar gida, ƙarshe mijinta Malam Nasidi ya gaji da ganin masu ciki a tsaye ya sa kafinta ya yi musu benci. Yakan ce abin da ya rage kawai su kafa allo a ƙofa. Saude takan yi dariya ta ce daga wannan makon za ta rage. Makon dai bai taɓa zuwa ba.

Ana cikin haka aka kawo Zulaihat daga Shinkafi goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Zulaihat ita ce 'yar farin Saude, ita kuwa Saude mace ce mai riƙon alkunya irin ta da. Ba ta faɗin sunanta, ba ta kallon ta ido cikin ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. In za ta kira ta, sai ta ce "ke", in za ta yi maganarta, sai ta ce "yarinyar nan". Maƙwabta suna yabawa, suna cewa boko bai ɓata Malama ba. Amma mu faɗi gaskiya, alkunyar ta zo wa Saude daidai wuya. Mace ce da ke dawowa gida ba sauran komai a jikinta, sai ga al'ada ta ba ta izinin wuce mutum ɗaya ba tare da ta tsaya ba, har ma a yaba mata.

Wata safiya tana ɗaura ɗankwali, Zulaihat ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Inna, kaina na ɗan..."

Waya ta yi ƙara. Wata ce ke naƙuda a asibiti. Saude ta ce, idonta na kan wayar, "Sha ruwa ki kwanta, rana ta sa." Ta suri jaka ta fita.

A kwanakin ne kuma Malam Nasidi ya fara cigiyar silifas ɗinsa na alwala, wasu manya masu shuɗiyar igiya. Kullum zai fito da buta ya tarar ba su nan. Saude ta ga takalman yarinyar a jere a bakin ɗaki, har ƙura ta hau su, ta gane ita ke zura na Malam, amma abin da ya zo mata kawai shi ne yaran yanzu da son jiki, sunkuyawa su sa nasu ma aiki ne.

Ranar Asabar ta yi wa Malam alkawarin hutu. Ta ƙudurta a ranta za ta sa a fito da kayan jariri a wanke, ko ba ta ce komai ba, yarinyar za ta gane. Ba a gama karin kumallo ba aka yi sallama. Kafin hantsi benci ya cika, wasu na zaune a gindin bango, duk cikin dogayen hijabai. Malam ya dube ta, ta kauda kai ta ce yanzu za ta sallame su.

Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta fara bi ƙafa ƙafa kamar yadda ta saba, kanta a sunkuye. Ta danna, ta tambaya, ta ja kujera gaba. Bayanta na ciwo, yunwa na cin ta. Da ta kai ƙarshen benci, aka miƙo mata wata ƙafa da ta cika ta yi sheƙi, idon sawu ya ɓace gaba ɗaya. Ta danna. Yatsanta ya nutse kamar a ƙullin alkama, ramin ya zauna abinsa.

Ranta ya ɓaci nan take. Ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Innalillahi! Wagga ƙahwa ai ba ta jiya ba ta! Ke da wa kike zaune? Ba ki da uwa ne? Wane irin gida na anka zuba miki ido har kinka kai haka?"

Matan da ke surutu suka yi tsit. A shirun nan ne idonta ya sauka ƙasa, ta ga abin da aka zare ƙafar daga ciki: ƙaton silifas mai shuɗiyar igiya.

Ta ɗago kai a hankali. Rabon da ta kalli fuskar nan sosai har ta manta. Ta kumbura, fatar ido ta yi nauyi, zoben yatsa ya nutse cikin nama.

Zulaihat ta ce, ba da fushi ba, "Na ga nan ne aka samun ki, Inna. Shi ya sa nib bi layi."

Kunya ta rufe Saude, amma ba irin wadda ake yaba mata ba. Ta ɗauko na'urar awon jini ta ɗaura mata. Jinin ya hau fiye da kima. Da wata ce daga ƙauyen Dauran, da tuni ta tura ta babban asibiti da faɗa da komai. Wannan kuwa a ɗakin da ke jikin nata take kwana, ita ke shimfiɗa wa matan tabarma, ita ke kawo musu ruwa.

Malam Nasidi ya fita ba takalmi ya taro Keke Napep. Wata mata ta biyo su zaure tana cewa, "Malama, ni hwa ba ki duba ni ba." Saude ta tsaya. Wallahi sai da ta tsaya, jikinta ya fara juyawa da kansa, kuma wannan tsayuwar ta fi komai yi mata ciwo daga baya. Sannan ta ce, "Ki tai asibiti, akwai ma'aikata." Karon farko ke nan da ta faɗa wa wata haka a ƙofar gidanta.

A hanya Zulaihat ta ce tana ganin walƙiya a idonta, kanta ya fara langaɓewa. Saude ta san abin da ke biyo bayan wannan. Ta jawo ta jikinta, ta tallafe fuskar da hannu biyu, ta dube ta ido cikin ido a gaban mai keke da Malam da duk wanda ke bakin titi.

"Zulaihat! Zulaihatu, dube ni!"

Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar. Ta waiga gefe tukuna, kamar mai neman wadda ta kira ta, don ba ta taɓa jin sunan da wannan muryar ba.

An yi mata aiki a ranar, aka ciro 'yar mitsitsiyar jaririya mai rai. Likitan, wanda ya san Saude a wurin aiki, ya fito yana cire safar hannu ya ce Allah Ya taimaka da aka gane da wuri, ya ƙara da cewa ba kowa ke dacen uwa ungozoma ba.

Saude ta ce, "Haka ne." Tana tsaye a baranda, rungume da silifas ɗin Malam Nasidi, ta rasa inda za ta ajiye su.