Fuskar Sabuwa Mai Dutse

Ina tsakiyar ware albasa a kasuwar Madawa, ruɓaɓɓiya gefe, mai kyau gefe, sai Husaina, ƙawata tun ta ƙuruciya, ta kira ni daga garinmu can bayan Keita. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Balki, in kina son ganin innarki ki taho kahin jibi. Za a canza mata huska."

Wanda bai san garinmu ba zai ce Husaina ta taɓu, don Inna ta shekara talatin da ɗaya a ƙasa. Ni kuwa na gane. A bakin kasuwarmu akwai mutum-mutumin siminti na wata mace, da kwanon duwatsu a ka, da shebur a hannu. Zamanin da furoje, wato shirin agaji, ya zo gyaran ƙasa, mata ne suka yi ta jidar dutse suna jerawa a jikin tudu don tare ruwa, ana sallamarsu da hatsi da mai. Inna, mai suna Sabuwa, ita ce shugabar matan unguwarmu har ranar da zazzaɓi ya ɗauke ta, ina 'yar shekara tara. Bayan arba'in aka sauke mutum-mutumin daga kamiyo, babbar motar kaya, aka ce an girmama ta. Da na ɗaga kai, ga hancinta, ga ɗan karkacewar bakinta in za ta yi faɗa. Hotonta ko ɗaya ba mu da shi. Wannan simintin shi ne duk abin da ya rage mini na kamanninta.

Husaina ta ce Hajiya Ni'ima za a girmama yanzu, 'yar garin da ke kasuwanci a birni, wadda ta gina musu tankin ruwa da famfo shida. Sabon mutum-mutumi ya fi ƙarfinsu, shi ne manya suka ce ai ga jiki nan tsaye, fuska kawai za a sake da allon suna. Kamar dai tsohuwar riga da ake canza wa wuya. Ba zan yi ƙarya ba, ruwan Hajiya na sha shi, kuma mai daɗi ne. Wannan ma ya ƙara mini haushi, don na rasa laifin da zan ɗora mata.

Na kira ƙanena Mahfuzu. Ya ce da ma gunki ne, gara su rushe shi duka, addu'a Inna take buƙata. Shi ai yana da bakin magana, tunda shi ya ɗebo kamanninta, in ya duba madubi ya gan ta. Ni babanmu na biyo, har kunnuwan. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Washegari na bar wa maƙwabciyata albasar, na shiga mota zuwa Keita, daga nan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Ofishin magajin gari na fara zuwa. Wani sakatare ya ce an riga an yi zama, an sa hannu, ya ƙara da cewa in yi haƙuri, Madam. Ban san Madam ɗin da yake nufi ba, ni dai 'yar Sabuwa ce ta zo.

A bakin kasuwa na tarar an kewaye mutum-mutumin da buhunan da aka ɗinke. Na ɗaga na shiga. Baba Tanko magini na kan katako da aka ɗora bisa ganguna biyu, guduma a hannu. Ya tsufa ƙwarai. Sama da shi Inna na kallon tudu kamar kullum, fenti duk ya koɗe.

Na ce, "Baba Tanko, da hannunka za ka hwasa huskar Sabuwa? Kai da ka ci tuwonta?"

Ya dube ni ya gane ni. "Ɗiyata, aiki anka ba ni. In ban yi ba su kira yaran birnin Tawa su yi shi da inji, ko ƙura ba ki samu."

"To ka hidda min ita ɗungum, in tahi da abina."

Na ɗauka zai ce siminti ba ya fita haka. Sai ya juya gudumar a hannu. Daga baya ya ce, "Tana hita. Hau nan ki tara hannu."

Na hau katakon. Ya zagaya bayan kan, ya ɗan sassare wajen ɗaurin kallabi har wasu wayoyi masu tsatsa suka bayyana. Ya datse su ɗaya bayan ɗaya, ya sa bakin ƙarfe a gefen kunne ya taɓa a hankali. Fuskar Inna ta saki, ta zauna a tafin hannuwana, ko tsagewa ba ta yi ba. Nauyinta bai wuce na ƙwaryar fura ba. Na rungume ta a ƙirji ina kuka ina godiya, har sai da na ɗaga ido.

Wata fuskar ce a wurin. Ta wata matashiya, doguwar fuska, siririn hanci, da zane a gefen baki irin na matan ruga. Fentinta sabo fil, don rana ba ta taɓa shi ba shekara talatin. Da ƙyar ban zame daga katakon ba.

"Baba, wagga fa?"

Ya zauna a bakin katakon, bai dube ni ba. "Ita anka fara yi. Cikin matan ruga take, waɗanda sunka shiga aikin dutse shekarar da shanunsu sunka ƙare. An ce ba ta da na biyu wajen ɗauka. Mutum-mutumin shina nan aje cikin gidan furoje ana jiran ranar buki, sai mutanenta sunka tashi da sauran bisashensu. Da innarki ta rasu, anka ce ga jiki nan, in gyara. Na ɗauki guduma, na kasa bugun huskar mutum. Sai na shahe ta da mai, na liƙa ta Sabuwa bisa, na ɗaure."

"Mi sunanta?"

"Sun kankare allon kahin su ba ni. Ban tambaya ba."

Na dubi hannun da ke riƙe da shebur. Ranar da za a kai ni gidan miji sai da na sa aka tsaya a nan, na kama hannun nan na yi masa ban kwana. Ashe hannun uwar wani ne, ko 'yar wani. Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan huce a kansa. Abin da na zo ina kururuwa an yi wa Inna, shi aka yi wa wannan baiwar Allah don Inna, kuma ba wanda ya hau mota ya zo dominta.

"Yanzu hwasa ta za ka yi?"

"Ban buge ta ba ina da ƙarhi, ba ni bugunta yau. Miƙo min gwangwanin man nan."

Na miƙa masa. Ina tsaye ya shafe goshinta, da idanun, da zanen, sannan ya fara ɗora ɗanyen siminti yana leƙen hoton Hajiya da aka ba shi. Ban jira ya gama ba.

A Madawa na rufe ɗaki, na kwance zanen da na ƙunshe Inna a ciki, na ɗauko tsumma in goge mata ƙura. Da na kifa ta don in share cikin, hannuna ya tsaya. Simintin ya kwashe kamannin waccan matar kaf: ramin hancinta, leɓɓanta, har zanen gefen bakin, ina jin su ƙarƙashin yatsana. Na juya, ga Inna. Na sake juyawa, ga ta.

Na so in jingina Inna a bango inda zan riƙa ganinta kullum, amma yin haka sai na sake juya waccan ga bango. Na daɗe zaune da su a cinya. Daga ƙarshe na tsayar da ita a kan akwati, nesa da bango kaɗan, yadda iska za ta ratsa ta baya. Da na ɗaga hannu zan yi wa Inna addu'a, sai na ji kunyar ambaton sunanta ita kaɗai, na ce Allah ya jiƙan Sabuwa da wadda Shi ya san sunanta.