Hoton Mai Hoto a Bakin Taga

"Hoton ya sake girgiza, Baba," in ji Auta, tana duba bayan kyamarar. "Kamar an shafe fuskarka da hannu."

Ina tsaye a bakin ƙofa da sandata. Maƙwabcina Mai Hoto yana kwance a katifa, ƙirjinsa na gurnani kamar tsohon injin niƙa. Likita ya riga ya ce a mai da shi gida. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar jama'ar layinmu hoto, shi ba shi da hoto ko ɗaya. Shi ya sa autarsa ta sayo wata 'yar kyamarar gwanjo, murfin batirinta ɗaure da roba, ta ce sai ta ɗauke shi. Ba ta taɓa riƙe kyamara ba, hannunta sai rawa yake.

"Ba laifin kyamara ba ne," ya ce da ƙyar. "Mai arha ba makauniya ba ce, haske take so da yawa. Kashe filashin nan, zai mai da ni fatalwa tun ban tafi ba. Goge gilashin da bakin zanenki." Sai ya juyo da ido wajena. "Gagarau, shigo mana. Ko bangon kake tsoro?"

Ni, tsoro? Ni da mota ta kama wuta da ni a ciki, na fito ina kakkaɓe riga? Ambaliya ta tafi da ɗakina, ta bar ni a kan reshe ina yi mata dariya. Ko sunana ban iya karantawa ba, amma na iya karanta hotunan da ke bangon nan sarai. Ga Tela da almakashinsa, ga Direba ya jingina da motarsa, ga Kafinta, ga matar Kafinta. Duk sun zauna gaban mutumin nan, kuma dukkansu da ni aka kai su makwancinsu. Ni kaɗai ban taɓa zama ba, ni kaɗai na rage. Wannan dabara ce, ba tsoro ba.

"Ɗakin ya yi duhu," ya ce. "A kai ni bakin taga. Hasken ya zo ta gefena, kada ya zo ta bayana."

Muka ɗaga shi, ni da Auta. Ba nauyi, kamar buhun ƙaiƙayi. Muka zaunar da shi a benci, ya sulale gefe. Muka gyara shi, ya sake sulalewa.

"Kawu, sai ka riƙe shi," in ji Auta.

"Zan fito a ciki?"

"Za ka fito," in ji Mai Hoto, yana dariyar da ta koma tari. "Yau dai na kama ka."

Na dubi bango, Tela na kallona. Na dubi taga, rana ta kusa faɗawa bayan katangar maƙwabta, hasken da ya rage bai fi faɗin tabarma ba. Auta ba ta roƙe ni ba, ido kawai ta zuba mini, hawaye na bin haɓarta.

Na ajiye sanda, na zauna, na rungumo kafaɗarsa.

"Kada ki jawo ni da maɓalli, matso da ƙafarki," ya ce. "Yauwa. Manna gwiwar hannu a haƙarƙari. Ki riƙe numfashi, ki danna a hankali, kamar kina taɓa idon jariri. Ni ma zan riƙe nawa."

Gurnanin ƙirjinsa ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit. Kyamara ta ce ƙyas.

Ƙirjin bai motsa ba. Na leƙa fuskarsa. "Mai Hoto! Kai, Mai Hoto, an gama!" Na girgiza shi, Auta ta ƙwalla ƙara. Can sai ya ja wani dogon numfashi, ya buɗe ido.

"Mu gani."

Ta kawo masa. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka nake," ya ce. "Kin iya. Gobe ki ɗauki wani abu, jibi ma haka, ko kaza ce."

Washegari da hantsi ya cika, kyamarar na gefen filonsa.

Auta ta wanko hoton, ta rataye shi tsakanin Tela da Direba. Ya fito tas, har ɗigon haske a ƙwayar idonsa. Ni kuwa fuskata ta ɗan gauraye, ta ce wai rawa nake yi. Bencin ne ƙafarsa ɗaya ta gaza, kowa ya sani. Kullum tana cewa in zo ta ɗauke ni ni kaɗai, ina cewa sai na yi aski.

Da la'asar hasken tagar yana hawa bangon a hankali, ya wuce fuskarsa, ya wuce hannuna a kafaɗarsa, ya tsaya a kan wata ƙusa da ba a rataya komai a jikinta ba.